A Ingila an ɗauki shirun baƙo a matsayin izini, in ji wani likita

Kwanakin baya ne wasu 'yan uwa matasa, ɗalibai da ma'aikata mazauna birnin Birmingham na ƙasar Ingila, suka gayyaci wani ɗan uwa likita da ya daɗe yana aiki a sashen masu ciwon ƙoda a can, don ya yi musu bayani a kan dokar cire sassan jikin mamaci a dasa wa mai rai. Majalisin ya haɗa 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, har da wasu 'yan Sudan masu jin Hausa. Ganin yadda samari da yawa a gida ke ta haramar tafiya can karatu ko neman aiki, ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), likitan ya fara ne da tambaya. Ya ce duk wanda ya cika wata 12 da zuwa Ingila ya ɗaga hannu. Kusan kowa ya ɗaga. Sai ya ce to wanda ya taɓa shiga rajistar hukumar lafiya ta NHS ya rubuta ko ya yarda ko bai yarda a cire wani sashe na jikinsa ba in ya rasu, shi ma ya ɗaga. Hannu biyu kacal aka gani. Sai ya ce, "To sauranku duka, a wajen dokar ƙasar nan, kun riga kun yarda." Nan take ɗakin ya yi tsit.

Ya bayyana cewa a da, ba a taɓa jikin mamaci sai in shi da kansa ya yi rajista tun yana raye, ko kuma iyalansa sun ba da izini. Yanzu an juya maganar: in mutum bai ce a'a ba, ana ɗauka ya ce i. Yankin Wales ne ya fara a watan Disamba na 2015. Ingila ta biyo baya ranar 20 ga Mayu, 2020, sai Sukotlan a Maris na 2021, sai Arewacin Ailan a Yuni na 2023. Jamhuriyar Ailan da ke maƙwabtaka da su ita ma ta shiga sahu a Yuni na 2025. Ta Ingila ana kiranta da sunan wasu yara biyu, Max da Keira. Keira yarinya ce 'yar shekara tara da ta rasu a haɗarin mota a 2017, iyayenta suka ba da zuciyarta, aka dasa wa Max wanda shi ma shekararsa tara a lokacin, ya kuma rayu.

Likitan ya ce kada 'yan uwa su ɗauka dokar ta hau kan kowa. Ba ta hau kan wanda bai kai shekara 18 ba a Ingila, ba ta hau kan wanda hankalinsa bai kai ya fahimci abin da ake ciki ba, ba ta kuma hau kan baƙon da ya zo ziyara ko wanda bai cika wata 12 da zama ba. Sassan da ta shafa su ne waɗanda aka saba dasawa, irin su ƙoda da hanta da zuciya da huhu. Abin da ba a saba ba, kamar fuska ko hannu ko mahaifa, sai da izini ƙarara. Amma ya ce a lura da kyau: dokar ba ta tambayi fasfo ɗin mutum ba. Ba ruwanta da ko kai Bature ne ko Bahaushe, ko ɗan ƙasa ne ko mai biza. Zama kawai take dubawa, kuma ɗalibi ma yana iya faɗawa ciki.

Ya ƙara da cewa adalci shi ne a faɗi abin da ake yi a aikace. Ba a shiga da gawa ɗakin tiyata a ɓoye. Akwai ma'aikatan jinya na musamman da aikinsu shi ne su zauna da iyalan mamaci, kuma in iyali suka tsaya a kan cewa ba su yarda ba, ba a yi. Sannan ba kowace mutuwa ce ake iya cire sassa a cikinta ba. Galibi sai wanda ya cika a ɗakin kulawa ta musamman, yana kan na'urar numfashi. Hukumar da kanta tana cewa kimanin mutum ɗaya ne cikin ɗari ke rasuwa a irin wannan hali. Sai dai, in ji shi, a nan ne matsalar baƙo take. Bature yana da uwa da uba da mata a gari ɗaya da shi. Kai kuwa mahaifinka yana Funtuwa ko Maraɗi, za a kira shi ta waya cikin dare, ta bakin tafinta, a gaya masa ɗansa ya rasu, a kuma tambaye shi abin da bai taɓa jin labarinsa ba. Ya ce wannan nauyi ne da bai kamata ɗa ya bar wa ubansa ba.

Da ya juya kan dalilin da ya sa aka yi dokar, likitan ya ce shi ba zai ɓoye ba, yana ganin buƙatar da idonsa kullum. A 2025 masu jiran dashe a Birtaniya sun haura 8,000, kuma mafi yawansu ƙoda suke jira. Mai wankin ƙoda yana zuwa asibiti sau uku a mako, kowane zuwa kimanin awa huɗu yana kwance jininsa na zagayawa cikin na'ura. Ruwan da zai sha a wuni ma sai an auna masa. Ya ce ya ga magidanta da aikinsu ya tsaya, ya ga samarin da karatunsu ya watse a kan wannan kujera. Kuma baƙar fata sun fi yawa a layin fiye da yawansu a cikin jama'a, saboda hawan jini da ciwon suga sun fi kama su, ga kuma wata ƙwayar halitta da ake gado a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da ke ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Ƙoda kuwa ta fi dacewa in ta fito daga wanda jininsa da naman jikinsa suka yi kusa da na mai karɓa. Don haka baƙar fata ya fi daɗewa yana jira. Ga shi kuma in aka tambayi iyalan mamatan Turawa, kusan biyu cikin uku suna yarda, amma a tsakanin baƙar fata da 'yan Asiya masu yarda ba su kai rabi ba. Ya ce abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce: wajen karɓa ba a jin musu, sai wajen bayarwa.

Daga nan sai ya shiga maganar malamai, yana mai cewa shi likita ne ba mufti ba, don haka zai kawo abin da suka faɗa ne kawai, kowa ya koma wa malamin da yake bi. Ya ce mas'alar tana da saɓani na gaske. Akwai manyan malamai da suka hana, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan da Shaikh Sha'arawi na Masar, hujjarsu ita ce jiki amana ce ba mallakar mutum ba, kuma alfarmar mamaci kamar ta mai rai take. Akwai kuma waɗanda suka halatta saboda lalura da ceton rai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a cire daga mamaci a dasa wa wanda rayuwarsa ta dogara a kan haka, amma da sharaɗi: sai da izinin mamacin kafin ya rasu, ko na magadansa, ko na shugaban Musulmi in ba a san shi ba ko ba shi da magaji. Ta kuma haramta sayarwa. A Iran, Imam Khumaini ya ba da fatawa a 1989 kan ɗauka daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, majalisarsu ta mai da shi doka a 2000. A Birtaniya ma an samu fatawa a 1995 ƙarƙashin Dakta Zaki Badawi da ta halatta, sannan a 2019 Mufti Muhammad Zubair Butt ya fitar da tasa, shi kuma ya halatta ne bayan zuciya ta tsaya.

Ya ce abin da ya kamata a lura da shi shi ne, hatta waɗanda suka halatta, a kan izini suka gina halaccin. To shin shiru izini ne? Ya ce malaman usulu suna da ƙa'ida sananniya cewa ba a jingina wa wanda ya yi shiru maganar da bai faɗa ba. Amma sun yi togaciya: in mutum ya san abin da ake ciki, aka ba shi damar magana, buƙatar magana ta zo, ya ƙi cewa komai, to shirunsa yana iya zama bayani. Ke nan maganar ta tsaya a kan sani. Bature da aka haifa a nan, ya ga tallar a talabijin, ya ji ana gardamarta a majalisa, shirunsa wani abu ne. Yaron da ya sauka a filin jirgi bara, yana fama da kuɗin haya da na makaranta, bai taɓa jin an yi dokar ba, shirunsa rashin sani ne. Ya ce hannaye biyun nan da aka ɗaga ɗazu sun ishe shi hujja.

Ya kawo misalin Singafo, inda ya ce an bi hanyar da ta fi mutunta mutane. Sun yi irin wannan doka tun 1987, amma suka bar Musulmi a waje saboda matsayin malamansu a lokacin. Shekara 20 ana haka, Musulmi masu ciwon ƙoda suna shan wahalar jira. Sai a 2007 majalisar malaman ƙasar ta sake duba mas'alar ta ba da fatawa, a 2008 aka shigar da Musulmi. Ya ce ko mutum ya yarda da fatawar ko bai yarda ba, al'ummar ce ta yi magana da bakinta kafin doka ta hau kanta. Burazil kuwa ta yi tata a 1997 cikin rashin amana tsakanin talakawa da asibitoci, mutane suka yi ta tururuwar rubuta ƙin yarda a katin shaidarsu, a 1998 gwamnati ta mayar da maganar hannun iyali.

Har ila yau ya ce shi a matsayinsa na likita yana da shakku kan ko dokar ce ke kawo amfanin da ake cewa. Kowa Sifen yake kawowa misali, domin ita ce ke kan gaba a duniya, masu bayarwa sun haura 50 cikin kowane mutum miliyan ɗaya a 2024. Amma dokarsu ta 1979 ce, kuma shekara goma ta yi ba ta canza komai ba. Abin ya motsa ne daga 1989, da suka kafa hukuma ta musamman, suka sa likita mai kula da wannan aiki a kowane babban asibiti, suka horar da masu magana da iyalai. A Ingila kuwa, yawan iyalan da ke yarda bai ƙaru ba bayan dokar. Ya ma sauka daga kimanin 67 cikin ɗari a 2019 zuwa kimanin 61 a 2023, kodayake annobar korona tana da nata hannun a ciki. Ya ce takarda ba ta sayen amana.

A nan ne likitan ya ce zai shiga wata magana da wasu za su ga kamar ba ta da alaƙa, alhali ita ce gindin abin. Wa aka tambaya kafin a yi dokar? Majalisar da ke Landan ce ta yi ta, kuma ba kowane mazauni ne ke da hannu a zaɓen wannan majalisa ba. Ya ce shi ba ya kiran kowa zuwa wata jam'iyya, maganar shiga zaɓe ko ƙaurace masa tana da nata majalisin. Abin da yake so a gani shi ne yadda ƙasa ke auna mutum da mudu biyu.

Ya nuna wasu samari biyu da ke zaune kusa da juna, ɗaya Bakatsine, ɗaya Bamaraɗe. Ya ce harshensu ɗaya, wataƙila ma kakanninsu ɗaya, tsakanin garuruwansu tafiyar 'yan sa'o'i ce. Amma Bakatsinen, saboda Nijeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, in dai yana da izinin zama, ko da bizar karatu ce, yana da damar yin rajista ya zaɓi ɗan majalisar Birtaniya. Haka ɗan Gana, haka ɗan Kamaru. Bamaraɗen kuwa, ko ya shekara 20 yana biyan haraji a Birmingham, ba shi da ƙuri'a ko ta kansila sai in ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Haka ɗan Cadi, haka ɗan Sudan. Bambancinsu kawai shi ne wane Bature ne ya ci ƙasar kakansu. Amma in mutuwa ta zo, doka ɗaya ce a kan ƙodarsu su biyun. Ya ce wata 12 sun isa a ƙirga jikinka, shekara 20 ba su isa a ƙirga bakinka ba.

Ya ce ba wai abin ba ya gyaruwa ba ne. Sukotlan da Wales sun buɗe ƙofa tun 2020, duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya zaɓen majalisar yankin, kuma waɗannan majalisu ne ke yin dokar lafiya a can. Ke nan Bamaraɗen da ke Gilasgo yana da baki a kan dokar da ta shafi gawarsa, na Birmingham ba shi da shi. New Zealand ma tun 1975 take barin baƙi masu zaman dindindin su yi zaɓen ƙasa.

Sai ya juya tsabar ta ɗaya fuskar, wato 'yan ƙasar da suka yi ƙaura. A da, Baturen Birtaniya da ya wuce shekara 15 a waje ya rasa ƙuri'arsa. Wani tsohon sojan yaƙin duniya na biyu mai suna Harry Shindler, mazaunin Italiya, ya yi shekaru yana yaƙi da wannan iyaka, ya rasu a 2023 yana da shekara 101. A Janairun 2024 aka cire iyakar gaba ɗaya. Gwamnati ta ƙiyasta masu wannan dama a kimanin miliyan uku da rabi, amma waɗanda suka yi rajista a zaɓen Yulin 2024 ba su kai dubu 200 ba. Likitan ya ce to a duba: wanda ya bar Ingila shekara 40 yana iya zaɓen masu yin dokar da ba za ta taɓa hawa kan gawarsa ba, wanda kuma dokar ke kansa ba ya iyawa.

Wani ɗalibi Bakano ya miƙe ya ce, Dakta, in haka ne ai ka rushe hujjar 'yan Nijeriya mazauna waje da ke neman a bar su su yi zaɓe daga inda suke. Kuɗin da suke aikawa gida ya kusa dala biliyan 20 a shekara, amma Majalisar Tarayya ta yi watsi da buƙatarsu a Maris na 2022, a zaɓen 2023 ma sai wanda ya sayi tikiti ya koma gida. Ya ce Nijar ma kafin juyin mulkin 2023 ta ware wa 'yan ƙasarta na waje kujeru biyar, Senigal tana da 15, Faransa 11.

Likitan ya yi murmushi ya ce ƙanena ka kama ni, amma rabi. Ya ce wanda uwarsa da matarsa da gonarsa ke gida, yana aika kuɗin magani duk wata, yana kuma nufin a binne shi a can, doka ta gida tana taɓa shi, don haka yana da hujja. Ware musu kujeru ƙididdigaggu ma ya fi a zuba ƙuri'unsu cikin mazaɓar da ba su san farashin mudun masara a cikinta ba. Amma kuɗi kaɗai ba hujja ba ne, in ba haka ba attajiri sai ya nemi ƙuri'a goma. Kuma ya ce akwai abin da masu wannan kira ba sa son a tuna musu: ɗan Nijar da ya shekara 30 yana sayar da shayi ko yana gadi a Kano ko Legas, yana biyan kuɗin haraji da na kasuwa, wa ya taɓa tsaya masa a kan ƙuri'ar kansila? Ya ce abin da mutum ke nema a ƙasar wasu, ya duba ko yana ba baƙonsa a gida.

Wani kuma ya tambaya ko ba za a yi sakaci da jinyar mutum ba in an san za a amfana da sassansa. Likitan ya ce wannan tsoro ya san shi, kuma ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarshen shekarun 1990 an bankaɗo yadda aka riƙa ajiye sassan jikin yara matattu a asibitin Alder Hey na Libaful ba da sanin iyayensu ba, abin da ya jawo sabuwar doka a 2004. A 2023 kuma kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Nijeriya, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas, kan kawo wani saurayi ɗan talla daga Legas don a cire ƙodarsa. Amma ya ce a wannan shari'ar likitocin asibitin ne suka ƙi yin aikin tun farko. Kuma a tsarin da ake bi, likitocin da ke jinyar mutum daban ne da masu dashe, likitoci biyu ne ke tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, ba kuma daga cikin masu dashen ba. Game da jana'iza, ya ce ana ɗinke wurin a miƙa gawa, ana wanka ana sa likkafani kamar kowa, sai dai akan samu jinkirin wasu sa'o'i, wani lokaci har kwana.

Da aka matsa masa ya faɗi nasa matsayin, ya ce shi ya rubuta yarda, bayan ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya wa matarsa da yayansa da ke gida. Amma ba zai zargi wanda ya rubuta ƙin yarda bisa fatawar malaminsa ba. Wanda yake zargi shi ne wanda ya ji wannan bayani ya koma ya ci gaba da shiru, domin daga yau shirunsa ya tashi daga na rashin sani. Ya ce rajistar ba ta cin minti biyar a waya. Akwai wurin cewa i, akwai wurin cewa a'a, akwai wurin zaɓar sassan da mutum ya yarda da su, akwai wurin rubuta cewa a kula da addininsa a tuntuɓi iyalansa a kan haka, kuma a Ingila mutum yana iya wakilta wani amintacce ya yanke masa hukunci in ta faru. Ya roƙi kowa, duk abin da ya zaɓa, ya kira mahaifinsa ko babban wansa cikin makon nan ya gaya masa da Hausa.

Wani ɗan Sudan ya ce shi nasa uban ko maganar mutuwa ba ya son a yi masa ta waya, balle wannan. Likitan ya ce to ya fara da kawunsa ko limamin unguwarsu, su su san yadda za su shigar da ita. Daga nan aka yi addu'a ga marasa lafiya da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, aka tashi gab da sallar Isha'i, wasu samari suka tsaya a bakin ƙofa suna nuna wa juna shafin rajistar a wayoyinsu.